Inda Baƙo Yake Cin Abinci: Daga Lungunan Tokiyo zuwa Tashar Dogon Dutsi



Ina gaida wakilan iyayenmu sarakuna, da malamanmu, da hukumomin gari, da iyayenmu mata da suka bar tukunya a kan murhu suka zo. Ina gaida waɗanda suka taso tun safe daga Matankari da Kiyeshe da Ɗan Kasari, da ƴan'uwanmu na Tibiri da Dumega da Gesheme da Kore Mai Ruwa. Allah ya ba da ladan zumunci, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Da aka ce in zo in faɗi abin da na gano a ƴan makonnin da na yi a ƙasar Japan wajen ƙaro ilimi, na san akwai samarin da suke jiran labarin jirgin ƙasa mai gudu kamar kibiya, ko na masana'antar da take ƙera hiyas ɗin da ke kai mu kasuwannin ƙauye. Ku yi mini haƙuri, yau maganar ciki na kawo. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma duk wanda ya taɓa sauka a garin da bai san kowa ba, ya san tambayar da take fara zuwa masa bayan ya sami wurin ajiye jakarsa: ina zan ci abinci? Wannan tambaya ita ce ɗan cin ranin Arewa yake yi ran da ya fara sauka a Yamai ko Kwatanu ko Ikko. Ita ce kuma fasinjan da kar ya sauke a bakin kwaltar garin nan yake yi kowace safiya, mu ne kuma masu ba shi amsa. Can Japan zan fara, amma nan gida zan dawo, don a nan maganar take da amfani.

Birnin Tokiyo da kewayensa yana ɗauke da mutane wajen miliyan 37, wato sun fi mutanen Nijar gaba ɗaya yawa. Tashar jirgin ƙasa guda, wadda ake kira Shinjuku, mutum miliyan uku da wani abu ne ke ratsa ta kowace rana. Ka tsaya a ƙofarta, ba ka iya karanta yawancin allunan da ke kewaye da kai, ba ka jin kalma ko ɗaya daga bakin masu wucewa. An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. A can na gane gaskiyar maganar. Kwanakin farko abincin masauki na riƙa ci, ga tsada, ga shi bai gaya mini komai game da mutanen garin ba. Sai wata rana na tambayi kaina: in na sauka a Kwanni ko Maraɗi, yaya nake gane mai tuwon kirki? Ai direbobi da ƴan kamasho nake kallo. Inda suka taru, nan abinci yake da daɗi da araha, kuma nan tukunya ba ta kwana. Da wannan ilimin na tashar Dutsi na fita, shi ne kuma ya ciyar da ni har na baro ƙasar.

Da ƙarfe goma sha biyun rana ma'aikata suke fitowa daga ofisoshi. Ka bi su a baya. Ba manyan tituna suke bi ba. Lungu suke kutsawa, ko ƙarƙashin gadar jirgi, ko su gangara ƙasan bene. Abu na farko da baƙo daga ƙasarmu ya kamata ya koya shi ne ɗaga kai. Mu idonmu ya saba neman rumfa a ƙasa, su kuwa ƙasa ta yi musu kaɗan, sai suka jera gidajen abinci bisa juna: wani a hawa na uku, wani a na bakwai, wani a ƙarƙashin ƙasa, kowanne da ɗan allonsa a jikin gini. In ka ga an rataya wani ɗan guntun labule mai tsaga a bakin ƙofa, wanda suke kira noren, to an buɗe, shiga. In an cire shi, an tashi. Da yawa daga cikin wuraren nan ba su fi rumfar mai shayi girma ba. Kujera takwas ko goma a jere, mai dafuwa yana gabanka, kana ganin hannunsa, kana ganin tukunyarsa. Wasu ma babu kujerar, a tsaye ake shan taliyar soba a gefen layin jirgi, minti biyar mutum ya gama ya kama hanya.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda suka yi wa wanda ba ya jin harshensu tanadi. A gaban shago, cikin gilashi, za ka ga kwanuka cike da abinci: ga shinkafa, ga kifi, ga romo har da maiƙonsa. Ba na ci ba ne, da roba aka ƙera shi, kuma sana'a ce mai zaman kanta tun da wani mai suna Takizo Iwasaki ya kafa kamfaninta a Osaka a 1932. Ƙarƙashin kowane kwano an rubuta kuɗinsa da lambobin da kowa ya sani. Ka nuna da yatsa, a kawo maka irinsa, ba ragi ba ƙari. A wasu wuraren na'ura ce a bakin ƙofa, mai maɓallai da hotuna: ka zuba kuɗi, ka danna abin da kake so, ta ba ka ƴar takarda, ka miƙa wa mai dafuwa. Shi bai taɓa kuɗi da hannun da yake taɓa abinci ba, kai kuma ba ka yi ciniki da kowa ba. Kwanon soba a irin waɗannan wurare yakan kama yen 400 zuwa 500, kusan jika biyu ke nan a kuɗinmu, kuma abin da minista zai biya shi ne abin da baƙo baƙar fata da ya sauka jiya zai biya. Da ka zauna ake ajiye maka ruwan sha kyauta, a wurare da yawa har da ɗan tawul mai laima na goge hannu. In ka bar wani abu a kan tebur da sunan goro, sai a biyo ka da shi a zaton mantuwa ka yi.

Kada wani ya ce ai su masu arziki ne, dole su yi haka. Ku ji asalin abin. A shekarar 1657 gobara ta cinye mafi yawan birnin Edo, wanda shi ne Tokiyo a yau. Aikin sake gina shi ya jawo masassaƙa da magina da ƴan dako daga ƙauyuka, maza zalla, sun baro matansu a gida. Suna kwana a ƴan ɗakunan haya, ba mai girka musu. Wa zai ciyar da su? Masu rumfa da masu talla. Taliyar soba da soyayyen kifin da suke kira tempura a bakin hanya suka yi suna. Sushi ɗin nan da ake sayarwa da tsada a manyan otal-otal na duniya, ɗan curin shinkafa da yankan kifi a kai, wajen shekarun 1820 ya fito a wannan siffa, ana danganta shi da wani mai suna Hanaya Yohei, kuma a tsaye lebura yake cinsa da hannu ya koma bakin aiki. Har kalma suke da ita ga manomin da yake barin gona in sanyi ya hana noma ya tafi birni neman kuɗi: dekasegi. Mu muna cewa cin rani. Kamfanin Yoshinoya, mai rassa fiye da dubu a ƙasar, yana sayar da shinkafa da naman sa a kwano ɗaya, a 1899 ya fara a matsayin ƴar rumfa a kasuwar kifi ta Nihonbashi, don ƴan dakon da ba su da lokacin zama. A shekarar ce Sarauniyar Lugu ta tari rundunar Faransawa ta Bule da Shanuwan a nan ƙasarmu. Ku duba kusancin abin.

Ke nan abincin da duniya take yi wa Japan kirari da shi, abincin ƴan cin rani ne da aka riƙe da daraja har ya girma. A 2013 hukumar UNESCO ta sa girkin gargajiyarsu cikin kayan gadon duniya. A ƙarshen 2015 wani shagon taliyar ramen mai suna Tsuta, mai kujera tara kacal a unguwar Sugamo, ya sami tauraron Michelin, lambar yabon da manyan masu dafuwa na Faransa suke kwana suna mafarkinta. Mutanen Osaka kuwa, garin da ake yi wa laƙabi da madafar ƙasa, har alfahari suke yi da cewa su ci ne yake karya su. A birnin Fukuwoka akwai rumfunan dare kusan ɗari da ake turowa a kan ƙafafu da magariba, a kwashe su kafin gari ya waye. An yi zamanin da hukuma take so su ƙare, ta hana a ba sababbi izini. Da suka ga rumfunan nan su ne suke kawo wa garin baƙi, sai a 2013 majalisar birnin ta yi musu doka ta musamman, ta tsara musu wurin tsayawa da ruwa da magudana da ƙa'idar tsafta. Ina roƙon magadan garinmu su riƙe wannan misali, zan dawo kansa.

Yanzu bari in yi wa ɗalibai da ma'aikata da ƴan kasuwar da Allah zai kai can wata rana gargaɗi, don amana ce. Musulmi ba ya shiga kowane lungu ido rufe. Naman alade yana ko'ina, kuma sau da yawa ba ka ganinsa, a cikin romo yake. Ramen ɗin da ya fi shahara, mai farin romo, da ƙashin alade ake dafa shi. Akwai wani lungu kusa da tashar Shinjuku, Omoide Yokoco, da ya samo asali daga kasuwar bayan fage bayan yaƙin duniya na biyu. In ka shiga, hayaƙi da ƙamshin gashi sai ka rantse wajen mai tsire kake, amma da yawa daga cikin tsinkayen nan kayan cikin alade ne. Ku riƙe kalma ɗaya: a harshensu, sunan alade shi ne buta. I, kamar butar alwalarmu. Wanda ya ji an ce buta a gidan abinci, ya san ba ruwa ake nufi ba. Sannan suna zuba wata giyar shinkafa mai zaƙi, mirin, a cikin miya da romon gashi, kamar yadda muke jefa daddawa. Hukuncin abin da ya rage bayan dafuwa, wannan na bar wa malamanmu, ga su nan zaune. Ni dai abin da na sani shi ne matambayi ba ya ɓata. Ka sa wani ya rubuta maka a takarda da harshensu cewa ba ka cin alade, ba ka shan giya, ka riƙa nunawa. Ban taɓa nuna takardar nan aka wulaƙanta ni ba. In babu abin da ya dace da kai, sai a sunkuya a ba ka haƙuri, a gaya maka gaskiya.

Akwai sauƙi kuma. Tun shekara ta 675 wani sarkinsu ya taƙaita cin nama, aka yi ƙarnoni a kan haka, sai a 1872 sarki Meji ya ci naman sa. Saboda haka tushen girkinsu kifi ne da shinkafa da waken suya da ganye. Ka nemi gasasshen kifi da gishiri, da farar shinkafa, ka ƙoshi. In dare ya yi maka, akwai ƴan shagunan da ba sa rufewa, konbini, sun haura 55,000 a ƙasar. A can za ka sami onigiri, curin shinkafa da kifi a ciki, da ayaba da dafaffen ƙwai. Ranar Juma'a ka nufi babban masallacin Tokiyo da ke unguwar Yoyogi-Uehara, wanda aka fara ginawa a 1938 aka sake shi a 2000. Duk inda Musulmi suka taru, labarin abincin halal yana nan. A unguwar Shin-Okubo akwai lungun da mutanen Bangaladash da Pakistan da Nepal suke da shaguna, ana samun naman yanka da kayan yaji. Sauran ladubba kuwa, in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka. Ba a cin abinci ana tafiya a titi. Ba a kafa tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, don haka suke yi wa mamaci. Zuƙar taliya da ƙara kuwa ba abin kunya ba ne a wurinsu. In ka shiga wurin zaman dare aka ajiye maka ɗan ƙaramin kwano ba ka nema ba, ka sani kuɗin zama ne, zai fito a lissafi.

Wata safiya aka ba ni wani wake mai yauƙi da wari, natto, ana kallona a ga yadda zan yi da fuska, don baƙi da yawa ba sa iya cinsa. Da na sansana sai na ji gida. Warin daddawa ne. Daga baya na koyi cewa ƙwayar halittar da take ruɓar da waken suya ya zama natto, irinta ce take ruɓar da kalwa ta zama daddawa a hannun kakanninmu mata. Kuma ku sani Japan ta daɗe da shiga tukunyarmu. Farin magin nan da muke kira ajino, wani malamin jami'ar Tokiyo, Kikunae Ikeda, shi ya gano sinadarinsa a 1908. Taliyar da mai shayi yake soya wa samari da ƙwai, kamfanin Indunusiya ne yake yin ta, amma dabarar busar da taliya ta dahu cikin minti uku, Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro ta a Osaka a 1958. Awarar da ƴan mata suke soyawa a ƙofar makaranta ita ce tofu ɗinsu, kuma cikin waɗanda suka yi aikin gano yadda za a daskarar da ita da kayan da muke da su a nan, akwai masani ɗan Japan da aka turo cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan a ƙarshen shekarun 1980. Mun karɓi kayan ɗanɗanonsu tuni. Tsarinsu na kula da mai ci ne ba mu ɗauko ba.

To, mu dawo gida.

Garin nan Allah ya ajiye shi a kan babbar hanyar ƙasa, lamba ɗaya, wajen kilomita 275 daga Yamai. Kar ɗin da ya tashi da asuba, da hantsi yake iso mu, daidai lokacin da cikin fasinja ya fara kira. Mai zuwa Kwanni, mai zuwa Tawa da Agadas, mai zuwa Maraɗi da Damagaram da Difa, duk ta ƙofarmu suke bi, haka ma Kore Mai Ruwa. Yawancinsu ba za su taɓa hawa dutsen da garin ya ci sunansa ba, ba za su je Lugu ko Bagaji su ji tarihi ba, ba za su ga fadar Sarkin Arewa ko ta Samna ba. Minti goma sha biyar suke da shi. Abin da suka ci a cikin mintocin nan, da yadda aka yi musu, shi ne Arewa a wurinsu har abada. Mai tuwo da mai waina da mai nama da yarinyar da take miƙa dambu ta tagar mota, su ne jakadunmu, ko mun naɗa su ko ba mu naɗa ba.

Kuma ba kayan abinci muka rasa ba. Muna da gero, muna da wake wanda har Najeriya ake lodinsa, muna da gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da zogale, da dankalin turawan da manoman rani suka sa garin nan ya yi suna da shi, da raken fadamun Dallol, da zabi, da nono. Ciyar da baƙo ma ba yau muka fara ba. Tun zamanin fatake masu zuwa Gwanja ɗauko goro da masu jakunan gishirin Foga, ƙasar Hausa ta san zango, ta san fatoma, mai masaukin da yake karɓar baƙo ya ba shi ruwa da tuwo, ya tsare masa kaya, ya tsaya masa a ciniki. Mutuncinsa shi ne jarinsa. In ya cuci baƙo ɗaya, ayari ya ƙaurace masa.

Akwai ma abin da muka fi su, kuma ba na so mu yar da shi garin kwaikwayo. A Japan na shiga wani gidan taliya da aka yanka shi ƙananan akurki, kowa da nasa, allo a dama, allo a hagu, labule a gaba, hannu kawai kake gani ya turo kwano. Mutane suna yabon wurin, ni kuwa tausayi ya ba ni. A nan ba ka wuce mai cin abinci bai ce maka bismilla ba. Na'ura ba ta san gyara ba, ba ta ba almajiri ƙanzo, ba ta ɗaga wa ɗan dako ƙafa zuwa ranar kasuwa. Iyayenmu mata masu tuwo suna yin duk wannan ba tare da an rubuta a ko'ina ba, Allah ya saka musu da alheri.

Amma gaskiya ɗaya ce, ku gafarce ni in faɗe ta. Na taɓa tsayawa a wata tasha a kan hanyar nan, na ga an sayar wa ɗan gari kwanon shinkafa da wake dala arba'in, baƙon da ya sauko daga mota aka ce masa dala saba'in, kwano ɗaya, ludayi ɗaya. Ya biya, don yunwa ba ta ciniki, amma na ga fuskarsa. Mai abincin tana ganin ta ci ribar dala talatin. Abin da ba ta gani ba shi ne mutumin nan zai sake bin hanyar sau ashirin, kuma daga ranar guzurinsa zai riƙa ɗaurowa daga Doso, ya kuma gaya wa na kusa da shi a mota. Na ga roba guda ta wanke hannu, mutum talatin sun tsoma a ciki, ruwan ya koma kamar kunu. Na ga nama a buɗe, ƙurar manyan motoci tana sauka a kai. Na ga mai ya yi baƙi ƙirin ana ta suya da shi. Na ga ana zuba miya mai tafasa a baƙar leda, alhali tun 2014 ƙasar nan take da dokar hana irin wannan leda, kuma kowane makiyayi a nan ya san abin da ake tararwa a tumbin akuya. Ba mu manta da kwalarar 2021 ba, wadda ta kama mutum sama da 5,000 a Nijar. Cutar nan ta hannu da ruwa take bi, kuma tasha ce wurin da hannun gari goma yake haɗuwa a kwano ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƴan matan talla. Yarinya ƴar shekara tara, tire a ka, tana gudu tsakanin tayoyin kar da babbar mota a lokacin da sa'o'inta suke aji. Na san ba mugunta ce ta sa uwa ta tura ta ba. Kuɗin cefane ne, da tarin kayan ɗaki. Amma ku lura da dalilin da ya sa dole sai an bi mota da gudu: fasinja ba ya saukowa ne saboda babu wurin da zai zauna. Da akwai rumfa mai inuwa da benci da ruwa, da ƙafarsa zai zo wurin uwar, ƴar kuma ta tafi makaranta. A Japan ban ga yaro ko ɗaya yana talla ba, abin kuwa bai hana abincin sayuwa ba.

Me za mu ɗauko? Na'urar tikiti ba tamu ba ce, ba ma bukatarta. Allo da alli sun isa. Uwata mai tuwo, ki sa ɗanki ɗan makaranta ya rubuta miki: tuwo malmala ɗaya kaza, shinkafa da wake kaza, nama yanka kaza, da boko da ajami da lambobi. Ranar da kika kafa allon nan, kin huta da gardama, baƙo kuma ya shigo da zuciya ɗaya. A ajiye robar tsoma hannu, a ɗauko buta da sabulu, wani ya zuba wa wani, kamar yadda muke yi in za mu yi alwala. Wannan ba sai Japan ta koya mana ba. Wanda yake karɓar kuɗi ya bar taɓa nama. A rufe abinci da gilashi ko farin ƙyalle mai tsabta. Sannan kowa ya tsaya a kan abin da ya iya. Masu shagunan can, wani shekara arba'in yana dafa abu ɗaya, ubansa ma shi ya dafa, har a san shi da shi a taso daga wani gari. Taura biyu ba ta taunuwa. In dambun zogale kika iya, ki riƙe shi har direban Agadas ya riƙa cewa ba ya karyawa sai ya iso wurinki. Madawa ta yi suna da kilishi, Galmi ta yi suna da albasa. Ban ga abin da zai hana a san Dutsi da soyayyen dankalinta da zabuwa ba.

Ku kuma magadan gari, na Dutsi da na Kore Mai Ruwa musamman, tunda ku kwalta ta ratsa: kuna karɓar kuɗin tikiti a hannun matan nan kowace rana. Ku mayar musu da wani abu da ido zai gani. Rumfa mai rufi a ɗan nesa da ƙurar hanya, famfo ɗaya, makewayi na maza da na mata, wurin zuba shara da mai kwashe ta. Ma'aikatan tsafta su riƙa zuwa da koyarwa kafin su zo da tara. Ku zauna da kamfanonin sufuri da shugabannin direbobi a daidaita wurin tsayawa. Fukuwoka ba korar masu rumfa ta yi ba, ruwa ta ja musu. Samarin da suka gama makaranta suna zaune a fada suna jiran aikin gwamnati, ga sana'a a bakin hanya tana wuce ku kowace safiya a cikin motoci. Kada wanda ya ce muku sayar da abinci aikin kunya ne. Ƴan'uwanmu da ke Yamai da ƙasashen waje masu tambayar me za su yi wa gida, ga abin da kuɗinsa bai kai na bikin aure ɗaya ba.

Ina roƙon kafin mu watse a fitar da mutum biyar, biyu daga cikinsu mata masu sayar da abinci a tasha, su je su ga magajin gari a cikin makon nan da maganar famfo da rumfa. Allon farashi na farko da buta goma da sabulunsu, ni na ɗauka.